Kamfanin tura kuɗi zuwa Najeriya, Nijar ko Ghana: lasisin kanka ko shiga ƙarƙashin na wani?

Duk wanda ya zauna a Landan, Jidda ko Dubai ya san irin mutumin da nake nufi. Shi ne wanda ake kai wa fam ko riyal a ce, "Alhaji, a ba Hajiyarmu a Kano," kafin la'asar ƙaninsa da ke Wapa ya tura naira, Hajiya ta ga alat. Harkar a kan amana ta ginu, kuma ta yi wa jama'a rana shekara da shekaru. Amma da zarar ta bunƙasa, wata rana banki zai tambayi dalilin da ya sa kuɗin mutane barkatai ke shiga asusun mutum ɗaya, ko kuma ya rufe asusun ba tare da dogon bayani ba. A nan ne tunanin buɗe kamfani mai rajista ke zuwa, kuma kusan kullum tambayar farko ita ce: jarin nawa ake nema?

A ganina wannan ita ce tambaya ta uku. Akwai biyu da ke gabanta. Kuɗin mutanen da kake yi wa hidima shiga ƙasar suke yi ko fita? Sannan idan hukuma ta ba da izini, sunan wa za ta rubuta a kai, naka ko na wani banki da ka raɓa? Amsar waɗannan biyun ce ke raba Najeriya da Nijar, kuma wanda bai tsaya ya amsa su ba zai iya zuba miliyoyi a lasisin da ba zai yi masa aikin da yake so ba.

Kafin a zo gida, sai an fara gyara can inda ake karɓar kuɗin, domin hukumomin Abuja ko Accra ba za su saurari kamfanin waje da ba shi da izinin ƙasar da ya fito ba. A Birtaniya hukumar FCA ce ke kula da wannan, ƙarƙashin dokar biyan kuɗi ta 2017. Akwai ƙaramin mataki na kamfanin da hada-hadarsa ba ta wuce Yuro miliyan 3 a wata ba, wanda ba a gindaya masa jarin farko, akwai kuma cikakken izini wanda ke buƙatar jarin Yuro 20,000 ga mai aikin tura kuɗi kaɗai. A Tarayyar Turai ma Yuro 20,000 ɗin ne, kuma lasisin ƙasa ɗaya yana iya kai ka sauran ƙasashen tarayyar, gatan da kamfanonin Birtaniya suka rasa a ƙarshen 2020. Amurka ta fi wuya. Rajista da hukumar FinCEN kyauta ce, ana sabunta ta duk shekara biyu, amma ba ita ce lasisi ba. Lasisin jiha-jiha ake nema, kowace jiha da sharuɗɗanta da kuɗin jinginarta, kuma yin wannan sana'a ba izini laifi ne da kan kai mutum gidan yari har shekara biyar. A Saudiyya kuwa harkar tana hannun bankuna da kamfanonin da babban bankin ƙasar, SAMA, ya amince da su, irin su Tahweel na bankin Al Rajhi da Enjaz na bankin Albilad.

Najeriya ce babbar kasuwar. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 19.5 'yan ƙasar mazauna waje suka aiko gida a 2023. Ita ce kuma ke ba kamfanin waje lasisi da sunansa kai tsaye, wanda ake kira IMTO, wato lasisin kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar ranar 31 ga Janairun 2024 ta ce kamfanin waje ya nuna jarin dala miliyan 1, na gida kuma kwatankwacinsa da naira. Kuɗin neman lasisi Naira miliyan 10 ne, ba a mayarwa ko an ƙi ka, sabuntawa kuma Naira miliyan 10 duk shekara. Izinin mataki biyu ne. Da farko a ba ka amincewar share fage, wadda za ka iya buɗe asusu da ita ka shirya ofis amma ba za ka taɓa kuɗin kowa ba. Daga nan kana da wata uku ka kawo sauran takardu, ciki har da bankunan da za su zama wakilanka, kafin a ba ka amincewar ƙarshe.

Wanda ya san yadda abin yake a da zai ga an sassauta ƙwarai. A watan Agustan 2016 CBN ya fito ya ce kamfanoni uku kacal ya sani, Western Union, MoneyGram da Ria, sauran duk suka tsaya cak, sai da aka yi ta ƙorafi kafin ya ƙara wasu 11 a ƙarshen watan. Yanzu ƙofar a buɗe take. A watan Mayun 2024 kaɗai kamfanoni 14 suka sami amincewar share fage, kuma gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, bai ɓoye cewa burinsa kuɗin da ke shigowa ta wannan hanya su kai dala biliyan 1 a wata ba. A Yulin shekarar sun kai dala miliyan 553.

To amma a karanta abin da lasisin ya hana, domin a nan ne maganar take. Ƙa'idar 2024 ta taƙaita IMTO ga kuɗin da ke shigowa kaɗai. Ba ka da ikon fitar da ko kwabo daga Najeriya. Ba ka da ikon sayen dala a kasuwar canji ta cikin gida don cike wani giɓi. Kuma duk wanda aka aiko wa kuɗi da naira za ka biya shi, ko da dala aka karɓa a can. Yanzu ka dubi mutanen da Alhajinmu ke yi wa aiki. Wani ɓangare ma'aikata ne da ɗalibai masu aiko wa iyaye kuɗin cefane. Wani ɓangaren kuma 'yan kasuwar Kwari ne da Singa da ke son biyan kuɗin kaya a Dubai ko Guangzhou, da iyayen da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu a Alƙahira. Tsohuwar hanyar tana tafiya ne saboda ɓangarorin biyu suna cike juna: nairar ɗan Kwari ce ake ba Hajiya, dirhamin ma'aikacin kuma ya biya kuɗin kayan ɗan Kwari. Lasisin IMTO rabin wannan kawai ya halatta. Idan ribarka daga 'yan kasuwa take fitowa, wannan lasisin ba naka ba ne, komai kuɗin da kake da shi. Hanyar halal ta fitar da kuɗin kaya tana bankuna, da takardun shigo da kaya, ko kuma tsarin biyan kuɗi na PAPSS da bankin Afreximbank ya ƙaddamar a Accra a Janairun 2022 don ciniki tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗaɗensu na gida.

Akwai wani sharaɗi ƙarami a ido amma mai nauyi a Arewa. Kuɗin da suka haura kwatankwacin dala 200 ba a biyan su hannu da hannu, sai ta asusun banki. Ka ɗauki dattijo a wani ƙauye na Zamfara ko Yobe, ɗansa ya aiko masa dala 300 ya sayi taki, ba shi da asusu, ba shi da lambar BVN, banki mafi kusa sai ya shiga mota. Ko dai a raba kuɗin, ko a tura ta asusun wani ɗan'uwa a gari, ko a koma wajen Alhaji mai amana. Kamfanin da ke son kasuwar karkara dole ya yi lissafin wannan tun kafin ya biya Naira miliyan 10 na farko, ya kuma san da wane banki ko wace manhajar waya zai ƙulla, wadda ke da masu POS har cikin ƙauyuka.

Ƙa'idar ta kuma hana bankuna da kamfanonin fasahar kuɗi riƙe lasisin IMTO, sai dai banki ya zama wakili. 'Yan canji ma nasu lasisin daban ne. Bayan CBN ya soke lasisin 'yan canji 4,173 a Maris 2024, sabuwar ƙa'idar ta ɗora jarin Naira biliyan 2 ga babban mataki da Naira miliyan 500 ga ƙarami, kuma ba lasisin tura kuɗi ƙasashen waje ba ne. Ina jaddada wannan ne saboda mutane da dama na ɗaukan cewa ɗan'uwa mai ofishin canji a Wapa ko Zone 4 ta Abuja ya wadatar a matsayin ƙafar kamfani a gida. Bai wadatar ba.

Abin da ya fi damuna da hanyar Najeriya shi ne saurin juyawar ƙa'ida. A ƙarshen Nuwamban 2020 aka ce a riƙa biyan mutane da dala. A Maris 2021 aka ƙara da tukwicin Naira 5 kan kowace dala da aka aiko. A tsakiyar 2023 aka daina tukwicin, aka kuma ba mutum zaɓin karɓar naira. A Janairun 2024 aka ce naira kawai. Sau huɗu ke nan cikin shekara uku da 'yan watanni, kuma kowane sauyi na nufin sake manhaja, sake yarjejeniya da banki, sake yi wa abokan hulɗa bayani. Gaskiya ne wasu sauye-sauyen sun taimaki kamfanonin. Cire ƙayyade farashin canji da aka yi a Janairun 2024 ya ba su damar biya da farashin kasuwa, wanda shi ne ya rage wa kasuwar bayan fage armashi, sannan a Yunin shekarar aka ba su damar samun naira kai tsaye daga CBN. Amma babban kamfani ne ke iya shanye irin wannan jujjuyawar. Ƙarami takan karya shi.

Da ka tsallaka Jibiya ka nufi Maraɗi, tsarin ya sha bamban. Nijar ba ta da babban banki nata ita kaɗai. Tana cikin ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA masu kashe sefa, tare da Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo, kuma babban bankinsu na haɗin gwiwa, BCEAO, mai hedikwata a Dakar ne ke tsara musu doka. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga UEMOA ba. A can manyan kamfanonin waje irin su Western Union da bankuna suke ƙulla yarjejeniya, bankin ne ke da izini, shi ne kuma ke amsa tambayar hukuma. Ƙananan shagunan da ake gani da allon kamfanin a bakin kasuwa ƙananan wakilai ne da ke aiki ƙarƙashin banki ko cibiyar ba da ƙananan rance, bisa umarnin da BCEAO ya fitar a Nuwamban 2015. Duk kuɗin da zai tsallake iyakar yankin sefa, shiga ko fita, dokar canjin kuɗi ta yankin ce ke hawa kansa, kuma ta hannun bankin da aka amince da shi ake warware lissafin.

Wanda ke son izini da sunansa a yankin sai ya kafa kamfani a ɗaya daga ƙasashen. Umarnin BCEAO na Janairun 2024 kan ayyukan biyan kuɗi ya samar da rukunin cibiyoyin biyan kuɗi, jarinsu daga sefa miliyan 10 zuwa miliyan 100 gwargwadon aikin da za a yi. Mai fitar da kuɗin waya kuwa sefa miliyan 300 ake nema a wajensa tun umarnin 2015. Tunda an ɗaure sefa da Yuro a kan 655.957, miliyan 100 ɗin bai wuce Yuro 152,000 da 'yan kai ba, ƙasa ƙwarai da dala miliyan 1 ta Najeriya. Kada arahar ta ruɗe ka. Samun amincewar ya ba kamfanoni da yawa wuya, har sai da BCEAO ya yi ta ɗage wa'adin cika sharuɗɗan zuwa cikin 2025, kuma ko ka samu ba ka rabu da banki ba a duk abin da ya shafi kuɗin waje.

Ribar hanyar sefa guda biyu ce, kuma manya ne. Ta farko, kuɗi na tafiya ta kowane ɓangare: ana karɓa, ana kuma aikawa waje idan an cika takardu, a cikin ƙasashen takwas kuwa babu maganar canji kwata-kwata, ɗan kasuwar Damagaram zai biya abokin cinikinsa a Lome ko Kwatano da sefar da ke aljihunsa. Ta biyu, farashin ba ya rawa. Kamfanin da ke karɓar Yuro a Faransa ko Beljiyam ya san abin da zai biya a Yamai yau da gobe, ba kamar mai biyan naira ba, wanda ya ga darajarta ta zube sau biyu tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024.

Illarta kuma ita ce wuyanka na hannun wani. Idan bankin da ka raɓa ya sauya shawara, ko ya ƙara kasonsa, ko hukuma ta taka masa birki, kai ma ka tsaya. Ga kuma siyasa: takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya haɗa da hada-hadar kuɗi, bai kuma tashi ba sai Fabrairun 2024. Sannan kasuwar cikin gida tana da masu ita. Kamfanonin tura kuɗi na Nita, Al Izza da Amana sun riga sun shiga garuruwa da ƙauyuka, mutum ya je da katin shaidarsa da lambar da aka turo masa a waya, a ƙirga masa jakunkunansa a hannu, ba asusu ba komai. Baƙon kamfani ba zai gina irin wannan cikin shekara biyu ko uku ba. Abin da ya fi masa shi ne ya nemi yadda kuɗinsa za su sauka a tagoginsu ko a asusun waya.

Ghana tana tsakani, kuma ta cancanci a duba ta saboda jama'ar zango a Accra da Kumasi. Dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019 ta raba lasisi mataki-mataki: sidi miliyan 20 ga mai fitar da kuɗin waya, sidi miliyan 2 ga babban matakin masu hidimar biya, kuma dole 'yan ƙasa su mallaki aƙalla kashi 30 cikin 100 na kamfanin. Ƙa'idar karɓar kuɗi daga waje ta 2021, wadda aka sabunta a 2023, ta ɗora kamfanin waje a kan haɗin gwiwa da waɗannan masu lasisin da kuma bankin da za a sauke kuɗin a cikinsa. Babban Bankin Ghana ba ya wasa da wannan. A Nuwamban 2024 ya dakatar da haɗin gwiwar kamfanin tura kuɗi na Taptap Send da abokan hulɗarsa na tsawon wata guda. Wata guda ba aiki, ga kamfanin da mutane ke aika kuɗin haya da na asibiti ta hannunsa, ya isa ya kore masa abokan hulɗa.

To wanne za a ɗauka? A yi lissafi mai sauƙi. A ce bayan ka biya banki da masu manhaja, ribarka kashi 1 ce cikin 100 na abin da ka tura. Kuɗin sabunta lasisin Najeriya kaɗai zai cinye ribar Naira biliyan 1 na hada-hada. Ba a zo kan albashin jami'in da zai riƙa tantance abokan hulɗa da kai rahoton kuɗin da ake zargi ba, ba a zo kan mai binciken asusu da lauya ba, ba a zo kan dala miliyan 1 da ka ɗaure ba, ga kuma nairar da dole ka ajiye a gaba don a biya mutane nan take kafin kuɗinsu su iso. Saboda haka lasisin IMTO na wanda ya riga ya mallaki izini a ƙasar da yake zaune ne, kuɗinsa hanya ɗaya suke bi zuwa Najeriya, kuma yawansu ya kai yadda kason da yake ba ɗan tsakiya ya fi kuɗin riƙe lasisin. Irin wannan mutum ya nema, domin zai yi ciniki da bankuna da sunansa, ya tsayar da farashinsa da kansa.

Wanda mutanensa 'yan Nijar ne, ko suka bazu tsakanin Yamai, Kwatano da Abijan, ban ga dalilin da zai sa ya fara da kafa kamfani a yankin ba. Ya ƙulla da banki, zai fi kyau wanda ke da rassa a ƙasashen yankin da dama, kuma tun ranar farko ya nemi na biyu, kada ya yarda da sharaɗin da zai ɗaure shi ga abokin hulɗa ɗaya.

Mafi yawan masu wannan tunani kuwa, irin Alhajin da jama'ar unguwa ɗaya ko masallaci ɗaya suka yarda da shi, shawarata su fara da zama wakilan kamfani mai lasisi a ƙasar da suke. A Birtaniya uwar kamfanin ce ke yi wa wakili rajista da FCA. A Amurka wanda wakilci kawai yake yi ba ya buƙatar rajistar kansa da FinCEN. Kason da za ka samu ƙarami ne, kuma dole ka riƙa karɓar katin shaidar mutanen da ka sani tun suna yara, abin da wasu za su ji haushinsa da farko. Amma za ka koyi aikin da kuɗin wani, ka tara tarihin hada-hada mai tsabta na shekara biyu ko uku, wanda shi ne hukuma da banki za su nema ranar da ka je neman naka. Akwai kasuwa a nan ba kaɗan ba, domin aika dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara na cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Ko wace hanya ka bi, akwai abin da ba ya cikin takardar lasisi amma yana iya rufe kamfani: asusun banki a ƙasar da kake karɓar kuɗi. A 2013 bankin Barclays ya sanar da rufe asusun kamfanonin tura kuɗi kusan 250 a Birtaniya, har sai da Dahabshiil, wanda Somaliyawa suka dogara da shi, ya garzaya kotu ya sami umarnin dakatar da rufewar. Bankunan can suna auna haɗarin ƙasar da kake tura wa kuɗi, shi ya sa shigar Najeriya jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ke sa wa ido a Fabrairun 2023 ta ƙara wa kamfanoni wahala, fitarta kuma a Oktoban 2025 ta kawo sauƙi. Kafin ka biya lauya ya cike maka fom ɗin CBN ko na BCEAO, ka fara samun bankin da ya san ainihin sana'arka kuma ya yarda a rubuce zai riƙe maka asusu, sannan ka sa a karanto maka sanarwar babban bankin ta baya-bayan nan, tunda ƙa'idar kan sauya tsakanin ranar da ka fara shiri da ranar da ka miƙa takardu.